Me Ya Sa Ake Dukan Titi Kafin A Gyara Shi?

Filin Tambayi Injiniya

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Injiniya, ranka ya daɗe. Ni direban tirela ne, na daɗe a kan sitiyari, yawanci siminti da hatsi nake ɗauka. Wajen ƙarshen daminar bara na tarar da wasu ma'aikata sun tare hannu ɗaya na titi. Wata a-kori-kura ce ke jan ɗan amalanke. Sai ta tsaya, wani ƙarfe ya sauko ya taɓa kwalta, a ji dim, dim, dim, ta ƙara gaba kaɗan ta sake. Bayan 'yan watanni aka zo aiki. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, inda titin yake sumul nan suka farke har ƙasa, inda ya tsattsage kuwa sama kawai suka kankare suka shimfiɗa sabuwar kwalta. A tasha ana cewa cuwa-cuwar 'yan kwangila ce. Don Allah mene ne wannan dukan, kuma me ya haɗa shi da abin da na gani?

Daga wani direban tirela, Funtuwa

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam direba. Allah ya kiyaye hanya, ya sa a riƙa sauka lafiya. Na ji daɗin wasiƙarka, domin abin da ka lura da shi daga saman kujerar tirela shi ne abin da na shafe shekaru ina durƙusawa a kan kwalta ina aunawa.

Bari in fara da soro. In ka kira tsohon magini ya duba maka rufin soro kafin damina, ba ya tsayawa a tsakar gida ya kalli yaɓe ya ce lafiya lau. Hawa yake yi ya taka, a hankali, yana jin inda rufin ke ba da kai a ƙarƙashin ƙafarsa. Yaɓe zai iya zama na jiya, amma in gara ta cinye azara, ƙafarsa za ta gaya masa. Wani wurin kuma yaɓen ya tsattsage, ya yi muni, amma azara na nan garau, sai ya ce maka a sake yaɓe kawai. Mutanen da ka gani takun magini suke yi wa titi. Sunan aikin awon lotsawa.

Kwaltar da ido ke gani ita ce yaɓen. A manyan titunanmu na tarayya yawanci kaurinta santimita 10 ne, hawa biyu, 6 a ƙasa, 4 a sama. Ƙarƙashinta akwai dakakken dutse, ƙarƙashinsa burji ko marmara da rola ta danne, sannan ƙasar da Allah ya ajiye a wurin. Waɗannan su ne azara. Duk lokacin da tayarka ta hau, dukansu sai sun ɗan lotsa, in ta wuce su dawo. Ba ka jin haka a sitiyari saboda ƙanƙantarsa. Ɗauko katin ATM ɗinka ka dubi kaurinsa, milimita 0.76 ne. Titi mai ƙarfi ba ya lotsawa ko da kaurin katin nan, sau da yawa rabinsa ma bai kai ba. Wanda ya gaji kuwa yakan lotsa kaurin kati biyu, har uku. To, a cikin wannan ɗan bambancin ne ake gane titin da zai ƙara shekaru da wanda ba zai ga damina biyu ba. Dalili kuwa shi ne abin da kowane yaro mai ƙera motar waya ya sani: in kana lanƙwasa waya kaɗan-kaɗan za ta daɗe, in kana lanƙwasa ta sosai gaba da baya, nan da nan za ta karye. Kwalta ma haka take gajiya. Ta ƙasa take fara tsagewa, inda ba a gani, tsagar ta yi ta hawowa har wata rana a wayi gari sawun taya ya koma kamar fatar kada. Daga nan kuma ka san sauran, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ruwa ya shiga, dutsen ƙasa ya jiƙe, rami ya buɗe.

Lokacin da na fara aiki ba mu da wannan amalanken. Sandar Benkelman muke amfani da ita, kuma har gobe ina ganin girmanta. Wani injiniya ɗan Amurka, Alvin Benkelman, ya ƙirƙiro ta a farkon shekarun 1950, lokacin wani babban gwajin titi a jihar Idaho. Doguwar sanda ce ta alminiyom, mita 3.66, an ɗora ta a kan mariƙi kamar sikelin mai gwanjo, ɓangaren gaba mita 2.44, na baya mita 1.22. A can baya akwai ɗan agogon awo da ke nuna kashi 1 cikin 100 na milimita. Za mu nemo tifa mai aksul guda a baya, wato ƙarfen nan da ke haɗa tayoyin hagu da na dama, mu loda mata yashi, mu kai ta sikeli, a yi ta ƙari da ragi da shebur har nauyin bayan ya tsaya a kan ton 8.2. Sai a rufe yashin da tamfol, don in ruwan sama ya jiƙa shi nauyi ya canza, awon wuni guda ya lalace. A duba iskar tayoyi. Sannan direba ya tsayar da motar daidai kan alamar fenti da muka yi a sawun taya na gefe, a zura bakin sandar tsakanin tagwayen tayoyin baya har ya taɓa kwalta, in karanta agogo, in ɗaga hannu, direba ya ja a hankali ya yi nisa. Titin da aka sauke wa kaya sai ya taso, allurar agogo ta juya, in sake karantawa, in ninka bambancin biyu saboda gaban sandar ya ninka bayanta. Shi ke nan, maki ɗaya, wato awon wuri guda. A ɗauki sanda a ƙara gaba mita 50 ko 100.

Akwai abubuwan da ba a koya mana a aji ba sai a kan titi. Allurar agogon takan maƙale, sai ka riƙa ɗan ƙwanƙwasa sandar da fensir. Rana tana sa alminiyom ya miƙe, allura ta yi ta tafiya ita kaɗai ba mota ba komai, don haka ɗaya daga cikin leburorinmu aikinsa kawai riƙe lema a kan sandar. Kuma rabin nasarar aikin a ƙafar direba take. Mun yi aiki da wani dattijon direba wanda in ya saki kuloci motar za ta zame kamar kwalekwale, ba fizga ko kaɗan, kuma bai taɓa taka mana bakin sanda ba. Ranar da ba ya nan, kowa ya san maki zai ragu. Ko da shi ɗin ma, in muka yi maki 100 a wuni mun yi ƙoƙari.

Abin da ka gani shi ne magajin wannan sanda. Injiniyoyi na ce masa FWD, ma'anarsa na'urar da ke sakin nauyi ta auna lotsawa. A Faransa aka fara tunaninta a shekarun 1960, mutanen Denmak suka gyara ta ta zama abin da ake sayarwa duniya. Ƙarfen da ka ga ya sauko faifai ne mai faɗin santimita 30. Ana ɗaga wani nauyi a sake shi ya faɗo kan robobi, robobin su miƙa bugun ga faifan. Ana daidaita tsawon faɗowar yadda bugun zai kai kimanin ton 4 zuwa 5, wato abin da tagwayen tayoyi na gefe ɗaya ke ɗora wa titi, kuma bugun ba ya wuce kashi 3 cikin 100 na daƙiƙa, kwatankwacin wucewar taya a guje. Ƙiftawar ido ta fi shi daɗewa. Dim na farko na zaunar da faifan ne, ba a cika lissafa shi ba, na bayansa su ake rubutawa.

Amma inda ta fi sandarmu nesa ba kusa ba, ba sauri ba ne. Da ka leƙa ƙarƙashin amalanken da ka ga wani ƙarfe miƙe a gaban faifan, ɗauke da ƙananan na'urori 7 ko 9 masu jin motsin ƙasa. Ni kunnuwa nake ce musu. Ɗaya a tsakiyar faifan, sauran a jere, santimita 20, 30, 45, 60, 90, har zuwa mita 1.5 ko 1.8. Sandarmu zurfin lotsawa kawai take ba mu a wuri guda. Kunnuwan nan kuwa siffar lotsawar gaba ɗaya suke zanawa, kuma a siffar maganar take. In lotsawar ta yi zurfi a tsakiya amma ta mutu nan kusa, kamar ramin tandar waina, ciwon a sama yake, kwalta da dutsen da ke bin ta sun gaji, ƙasan kuwa lafiya. In ta bazu da faɗi kamar kaskon suya, kunnen da ke can nesa ma yana jin motsi sosai, to ƙasar can ƙasa ce ba ta da ƙarfi. Kunnuwan kusa labarin hawan sama suke bayarwa, na nesa labarin ƙasa. Injiniyoyin Afirka ta Kudu sun sauƙaƙa abin ƙwarai: ka cire awon santimita 30 daga na tsakiya ka san halin sama, ka cire na 60 daga na 30 ka san na tsakiya, ka cire na 90 daga na 60 ka san na ƙasa. Kwamfuta kuma, in an gaya mata kaurin kowane hawa, takan yi lissafi da baya ta fitar da ƙarfin kowanne.

Yanzu ga amsar abin da ya ɗaure maka kai. A ƙasarmu mai zafi, rana da iska suna busar da kwalta, ta tsufa, ta yi tauri, ta fara tsagewa daga sama zuwa ƙasa, saɓanin tsagar gajiya da ke farawa ta ƙasa. Irin wannan titin ido zai ce ya mutu, amma in an buga shi sai a ga da ƙyar yake motsi. Azara na nan. Maganinsa shi ne abin da ka ga an yi, a kankare busasshiyar fatar a shimfiɗa sabuwa, kuma farke shi har ƙasa asarar dukiyar jama'a ce. Wurin da ka gani sumul kuma, sau da yawa in ka bincika za ka tarar ba a daɗe da yi masa kwaskwarima ba, ko kuma ya ratsa fadama, ko kwalbatin kusa da shi ya toshe ruwa na kwana a gindinsa. Fuska sabuwa, ƙasa ta zama kunu.

Na ga wannan da idona a wani titi da ya ratsa fadamar shinkafa. An shimfiɗa masa sabuwar kwalta bai fi shekara ba, baƙa ƙirin, har sheƙi take. Muka sa sanda, allura ta haura milimita ɗaya da rabi, maki bayan maki, tsawon wajen rabin kilomita. Na ɗauka agogon ne ya samu matsala, na canza wani, amsa ɗaya. Muka haƙa rami a gefe, kafin mu kai tsawon hannu ƙasar da ke fitowa in ka matse ta a tafin hannu sai ta ɗauki siffar yatsunka. Na rubuta rahoto cewa a ɗaga wurin, a sa magudanar ruwa, a sake shi daga tushe. Aka ce kuɗi ba su kai ba, aka ƙara masa wata kwaltar a kai. Damina ta biyu tirela ta fara kaucewa ta gefen gona. Har yau in na tuna abin yana yi mini ciwo, domin kuɗin da aka zuba sau biyu a sama sun isa a yi aikin ƙasan sau ɗaya, kuma a ramukan nan an yi haɗarin da bai kamata a yi ba.

Ka ce ƙarshen damina ka gan su, wannan ma ya nuna sun san aikinsu. A Satumba da farkon Oktoba ƙasar ƙarƙashin titi ta gama shan ruwa, lokacin ne titi ya fi rauni, lokacin ya kamata a tambaye shi. Wanda ya auna a Maris, ƙasa ta bushe ƙamas, titin zai nuna masa ƙarfin da ba shi da shi a Agusta. Abin ya fi tsanani a wuraren baƙar laka, irin ta Dikwa da Ngala da kewayen Numan, wadda da rani take tauri kamar dutse tana tsattsagewa, da damina ta kumbura ta yi laushi. Zafi ma yana da nasa. Kwalta na fara saki wajen digiri 50, kuma da tsakar ranar Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri fuskar titi na wuce haka. Shi ya sa ake huda ɗan rami mai zurfin santimita 4, a ɗiga mai, a sa ma'aunin zafi, sannan a mai da kowane awo kan zafi guda da aka amince da shi. Ingila sun ɗauki digiri 20, Indiya 35. Wanda ya kwaso lissafin ƙasar sanyi ya ɗora wa titin Gusau ba tare da gyara ba, amsarsa za ta karkace.

Kada kuma in sa ka ɗauka na'urar nan ta san komai. Je ka dubi wuraren da tireloli ke kwana a kan kwalta, irin su Tafa da Mararrabar Jos, ko hawan tudu, ko bakin shingen jami'an tsaro. Za ka ga kwalta ta tattare ta yi kunya-kunya kamar gonar dankali. Wannan ba raunin ƙasa ba ne. Kwaltar ce da kanta ke gudu saboda zafi da nauyi mai tafiya a hankali, ga kuma gas da ke ɗiga yana narkar da ita. A buga wurin, lotsawa kaɗan za a gani, alhali titin ba ya biyuwa. Don haka injiniya na gari ba ya tsayawa a kan bugu kaɗai. Zai taka titin da ƙafa, ya yanko kwalta ya auna kaurinta, ya haƙa rami ya kai ƙasar ɗakin gwaji.

Game da maganar tasha, ba na ganin laifin mai zargi, mun sha ganin aikin da kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Amma abin da ka kwatanta shi ne daidai abin da nake sa ran gani in an yi awo kuma an bi abin da ya nuna. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne aikin da za ka ga an shimfiɗa kwalta kauri ɗaya daga farkon hanya har ƙarshenta, tudu da fadama duk magani ɗaya, ba wanda ya taɓa ganin an auna komai. Kuma sakamakon awon nan ba asiri ba ne. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan Najeriya damar rubuta wa ma'aikatar gwamnati ya nemi takardun aiki, kuma kwana 7 doka ta ba su su amsa. Ƙungiyarku ta direbobi na da bakin da za ta nemi rahoton awon kowane titi da kuke bi, kuma ina so in ga ranar da za ku fara.

Saura magana ɗaya tsakanina da kai, Malam, kuma na san ba kai ke yanke yawan lodi ba, mai mota da mai kaya ne. Ton 8.2 ɗin nan da muke loda wa tifa, asalinsa wani gwaji ne da aka yi a jihar Illinois ta Amurka daga 1958 zuwa 1960. An gina tituna masu kauri daban-daban, sojoji suka yi ta zagaya su da manyan motoci dare da rana, har aksul ya bi ta kansu sama da sau miliyan 1. Abin da aka gano ya girgiza kowa: ɓarna ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da nauyi. In nauyin aksul ya ninka biyu, ɓarnar ninki 16 take yi. In ya ƙaru da rabi kawai, ninki 5. Ƙa'idar da ƙasashen Afirka ta Yamma suka amince da ita ton 11.5 ce a kan aksul guda, kuma ko ita ɓarnarta ta kusa ninki 4 na awon da muke gwaji da shi. Aksul mai ton 20 kuwa ya haura ninki 35. Ƙaramar mota, sai dubbai sun wuce kafin su yi abin da aksul ɗinka guda ke yi. Lokacin da ake tsara kaurin sabuwar kwalta, awon lotsawa ake haɗawa da lissafin aksul nawa za su bi titin cikin shekara 15 ko 20. In ana lafta wa motoci kayan da ya wuce ƙa'ida, lissafin shekara 20 sai ya ƙare a 5 ko 6, kuma sifirin da tayoyin da ramin zai fasa naka ne.

In ka sake tarar da su, don Allah ka rage gudu tun daga nesa, kuma ka ɗan ba su tazara. Girgizar tirela mai kaya tana shiga kunnuwan nan ta ɓata awo, dole a sake, ga kuma yaron da ke tsaye da jan tuta ba abin da ke tsakaninsa da kai sai robar nan mai tsini.

TAMBAYA: Baba Injiniya, ina gaisuwa. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe, fannin gine-gine da hanyoyi. Ina so in yi aikin kammala karatuna a kan wani titi a unguwarmu da ke lalacewa duk shekara, amma makarantarmu ba ta da na'urar sakin nauyi. In haƙura in canza batu?

Daga wata ɗaliba, Kazaure

AMSA: Kada ki canza, 'yata. Fara da tambayar ɗakin gwajin makarantarku da na ma'aikatar ayyuka ta jiha ko suna da sandar Benkelman, sau da yawa tana nan a akwatinta ba mai taɓawa. In kin samu, abin da ya rage hayar tifa ta wuni biyu ce da kuɗin sikeli. Ki tabbata mai aksul guda ce a baya, domin mai aksul biyu tayoyin gaba da na baya za su dagula miki awo.

In ba sanda, nemi ƙarfen nan mai tsini da ake kira DCP. Guduma ce mai kilo 8 da ake saki daga tsawon milimita 575, tana kora tsinin cikin ƙasa, kina rubuta milimita nawa ya shiga a kowane bugu. Ba lotsawa yake aunawa ba, amma zai nuna miki kaurin kowane hawa da ƙarfinsa har kusan zurfin santimita 80, kuma mutum uku sun isa. Sai dai ki fara huda kwaltar, tsinin ba ya ratsa ta.

Zaɓi mita 500 kawai, rabi inda ke lalacewa, rabi inda ke lafiya, ki auna wurare guda sau biyu, a Maris da kuma Satumba. Ki sa alamar fenti a kan kwalta da wata a jikin katanga ko turken lantarki mafi kusa, domin ta kwalta ba za ta kai Satumba ba. Ranar da aka yi ruwa mai yawa kuma, ki fita da lema da wayarki ki ɗauki hoton inda ruwan ke taruwa da inda yake bi, ki rubuta awa nawa ya yi kafin ya janye. Ki aiko mini da abin da kika samu na Maris ta adireshin mujalla, zan duba miki kafin ki yi na biyu.